Ɗaurin Aure Daga Nesa a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

Ƙasar Kebbe da Tambuwal, wadda ke kudancin Jihar Sakkwato inda jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara, ta daɗe da sanin tafiya, domin tun kafin zuwan mota mazajenta ke barin gida idan an gama girbi, su nufi Kurmi ko Gwanja, su dawo kafin saukar ruwan shuka. Wannan shi ake kira cin rani, wato mutum ya je ya ci abincinsa na rani a wani wuri don ya rage wa rumbun gida nauyi, kuma yawansa a Lardin Sakkwato ya kai ga wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazari a kansa a ranin 1952 zuwa 1953. Daga cikin masu tafiyar akwai waɗanda suka zarce suka zauna a zangon Kumasi, ko Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Legas, akwai kuma waɗanda suka bi hanyar hajji suka tsaya a Sudan ko suka isa Makka. A yau an sami ƙarin wuraren zuwa, kamar Libiya da Aljeriya da ƙasashen Larabawa na gaɓar teku, da kuma Ingila da Amurka ga 'yan boko. Abin da bai sauya ba shi ne yawancin waɗannan matafiya, idan lokacin aure ya yi, gida suke waiwaya.

Dalilin hakan a fili yake ga duk wanda ya san yadda ake ƙulla aure a wannan yanki. Aure, ko amre kamar yadda Basakkwace ke faɗi, haɗa gida biyu ne, kuma kafin a ba da 'ya ko a karɓe ta sai an yi bincike, wato an bi diddigin asalin gidan da halin mutanensa da sana'arsu da addininsu. Wanda ke zaune a Jidda ko Kumasi ba ya iya yin wannan bincike a kan maƙwabtansa na can yadda mahaifiyarsa za ta yi shi cikin yini guda a Kuchi ko Dogon Daji ko Sanyinna, inda kowa ya san kakan kowa. Akwai kuma auren zumunci, wanda iyaye kan riƙe a matsayin igiyar da za ta hana ɗansu ɓacewa a baƙuwar ƙasa, kuma tsofaffin da suka ga yadda dokar korar baƙi ta 1969 ta dawo da mutane daga Gana ba shiri sun riƙe darasin cewa wanda ya yi iyali a gida yana da wurin komawa.

Abin da ya sauƙaƙa wa matafiyi lamarin tun asali shi ne shari'a ba ta wajabta masa halarta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa kuma ita ce ke cikin Risala da sauran littattafan da ake karantawa a zaure, aure yana inganta da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai da siga. Waliyyi shi ne namijin da ke da ikon aurar da mace, uba ko wanda ke bi masa, siga kuwa ita ce lafazin nema da na bayarwa da ake furtawa a gaban shaidu. Ango yana da damar wakilta wani ya nema masa, kuma a al'ada ko yana cikin gari ba shi ke buɗe baki ba, baffansa ko yayansa ko aminin mahaifinsa ne ke cewa ya zo nema wa wane auren wance, waliyyi ya ce ya ba shi a kan sadaki kaza, lakadan ko ajalan, liman ya yi fatiha, a raba goro da alewa. Saboda haka ɗaurin auren da aka yi ango yana Tarabulus bai bambanta da wanda aka yi yana bayan masallaci tare da abokansa ba, sai dai a ce ba a sami wanda za a yi wa barka hannu da hannu ba. Ke nan wahalar aure daga nesa ba ta taɓa kasancewa a wurin ɗaurawa ba, tana cikin watannin da ke gabansa da shekarun da ke bayansa.

A cikin watannin shiri, matafiyi yana buƙatar wakilai iri biyu, kuma yawan rikici yana tasowa ne daga haɗa su a hannun mutum ɗaya. Na farko shi ne wakilin magana, dattijon da zai kai gaisuwar iyaye, ya karɓi amsa, ya zauna a sa rana. Wannan ba a zaɓensa don iya lissafi, ana zaɓensa ne don matsayinsa a dangi, kuma tsallake baffa a ɗauko aboki laifi ne da akan daɗe ana tunawa. Na biyu shi ne mai riƙe kuɗi, wanda zai biya magini da kafinta da tela, ya ajiye shaidar abin da ya kashe. Dattijo yana da wuyar tambaya, domin ɗa ba ya ce wa ƙanen mahaifinsa ya kawo lissafi ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, shi ya sa masu dabara kan bar wa dattijo girmansa da goronsa, su ɗora kuɗin aiki a hannun ƙane ko abokin da za a iya ce masa ya turo hoton rasit. Akwai kuma ɓangaren mata, wanda namiji ko yana gida ba shi da iko sosai a kansa. Haɗa lefe, wato akwatunan tufafi da kayan ado da ake kai wa amarya, aikin gwaggo ne da yayye mata, su ke sanin atamfa nawa da leshi nawa da shadda nawa za su fitar da gidan kunya, su ke zuwa kasuwar Jega ko Babbar Kasuwar Sakkwato, ko su yi aike Kantin Kwari a Kano idan abin ya yi ƙarfi. Matafiyin da ya sayo kaya a Dubai ko Makka da zaɓin kansa ba tare da shawararsu ba yakan tarar an ce yayin wannan zanen ya wuce, a sake sayen wani.

Batun kuɗi shi ne ya fi kowanne tsawo. Sadaki, wanda shi kaɗai ne wajibi a cikin duk abin da ake kashewa, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dinarin zinariya, abin da ya ɗan haura giram ɗaya, kuma darajarsa a naira tana hawa da sauka tare da farashin zinariya. Sauran duka al'ada ce: kuɗin na gani ina so, da kuɗin gaisuwa, da kayan sa rana, da lefe, da gyaran ɗakin da za a kai amarya, da abincin walima, da sayen baki. Ita kuwa al'ada tana miƙewa gwargwadon abin da ake zaton mutum yana da shi, kuma wanda ke ƙetare, ko wankin mota yake yi a Riyad, ana lissafa shi da riyal. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wannan zato yana cutar da gidan amarya fiye da kowa, domin idan lefe ya yi yawa dole kayan ɗaki da gara su yi daidai da shi. Kayan ɗaki su ne gado da katifa da kujeru da kwanuka da iyayen amarya ke saya, gara kuwa ita ce kayan abinci da suke bin 'yarsu da shi, kuma manomi yakan sayar da sa ko ya jinginar da gona don kada a ce an kawo akwati goma sha biyu shi ya kai 'yarsa da gado ɗaya. Matafiyin da ke son nuna cewa tafiyarsa ta yi albarka yana iya jefa surukinsa cikin bashi ba tare da ya sani ba, kuma kunya ba za ta bar surukin ya faɗa masa ba.

Canjin kuɗi ma ya shigo cikin lissafin. Bayan gwamnati ta saki naira a watan Yuni na 2023, dala da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024, wanda a ido riba ce ga mai turo kuɗi daga waje, amma farashin siminti da kwanon rufi da atamfa da shinkafa ya bi ta a guje. Kuɗin da aka turo wata shida kafin biki aka ajiye a naira yakan narke kafin ranar, shi ya sa gogaggu ke mayar da shi kaya nan take, a sayi buhu a ajiye, a sayi akwati a rufe, ko a ɗaure rago. Hanyoyin turowa kuwa sun haɗa da banki da manhajojin waya da masu POS na bakin kasuwa, da kuma tsohuwar hanyar 'yan canji, inda mutum zai ba da riyal ko sefa a can, ɗan'uwan ɗan canjin ya biya naira a nan. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi yawan marasa takardar zama ke bi, tana da sauri, amma amana ce kawai ke riƙe da ita. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya kuma nuna cewa kuɗi a asusu daban, kuɗin da za a miƙa wa mai goro da maroƙi da mai kiɗa daban.

Sa rana tana da nata ƙa'idoji, waɗanda kalandar wurin aikin matafiyi ba ta san da su ba. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika kuma hanyoyin ƙauye suka bushe, sai kuma watan Sha'aban da ake gaggawar kai amare kafin azumi, da kwanakin bayan salla. Da damina kuwa mutane suna gona, kuma wasu ƙauyukan da ke nesa da babban titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega sai da babur. Wanda zai sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato ko na Birnin Kebbi yana buƙatar ranar da ba za ta motsa ba, alhali rasuwa ɗaya a dangi tana iya ɗage biki. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin da ke maƙwabtaka da Zamfara, wadda ta sa ake kai amarya da rana maimakon dare, ake kuma shawartar wanda ya zo daga waje ya rage shelar ranar isowarsa da nuna abin hannunsa. Ita kanta wayar da komai ya dogara a kanta tana iya yankewa, kamar yadda aka gani a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato. Masu zuwa ta ƙasa daga Nijar kuwa sun ɗanɗana rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na 2023.

Zance ma ya koma waya, ana yinsa ta WhatsApp da hoto da saƙon murya, kuma wannan ya fi zamanin da yarinya ba ta ganin mijinta sai a hoto ɗaya da aka aiko cikin ambulan. Duk da haka hoto yana ɓoye shekaru da rashin lafiya da matar da ake da ita a can, saboda haka binciken da iyayen yarinya ke yi ya kamata ya ƙetare iyaka shi ma, ta hanyar 'yan garin da ke zaune tare da manemin. Gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024 kuma limamai da yawa a wasu wurare ke nemansa, yana da muhimmanci na musamman a auren zumunci saboda cutar sikila, kuma ya fi dacewa a yi shi kafin a sa rana, tun ba a kashe abin da zai sa a rufe ido a kan sakamakon ba.

Tambayar da aka fi jinkirtawa ita ce inda amarya za ta zauna. Idan za ta bi mijin, sai an yi mata lambar zama ɗan ƙasa da fasfo, sai kuma takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko ƙaramar hukuma, da suna da ranar haihuwa iri ɗaya a kowace takarda, abin da ke da wuya ga wadda ba a yi wa rajistar haihuwa ba. A nan ne sauƙin da shari'a ta bayar ke cin karo da dokokin wasu ƙasashe. Amurka ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci don ba da biza sai an tabbatar ma'auratan sun sadu bayansa. Ingila tana sharɗanta shekara 18, ba ta ba mata ta biyu izinin shiga a matsayin mata idan ta farko tana can, kuma tun Afrilun 2024 tana neman mai ɗauko iyali ya nuna samun fam 29,000 a shekara. Wanda kuwa ya shiga Saudiyya da bizar umara ya zarce ba shi da takardar da zai ɗauko kowa da ita, kuma idan ya fito don biki komawa ba tabbas.

Saboda waɗannan dalilai amare da yawa a gidan surukai suke tarewa, a ɗakin da aka gina da kuɗin ƙetare, ƙarƙashin kulawar uwar miji, kuma kuɗin cefane yakan biyo ta hannun wa ko ƙanen mijin maimakon hannunta. Fiƙihun Malikiyya ya ba irin wannan mace damar kai ƙara gaban alƙali idan ciyarwa ta yanke ko rashin mijin ya cutar da ita, ya kuma tanadi jiran shekara huɗu ga wadda mijinta ya ɓace ba labari, amma 'yan ƙalilan ne ke son a ji su a kotu da gidan da galibi gidan kawu ne ko na gwaggo. Waliyyan da suka ga irin wannan a kan 'ya'yan wasu sun fara ajiye kunya tun ranar gaisuwa, suna tambayar wakilin ango wata nawa ɗansu zai yi kafin ya zo, da ɗakin da yarinyar za ta zauna, da sunan wanda kuɗin abincinta zai riƙa shiga hannunsa.