FASHIN BAƘI: Yadda bene mai hawa 21 ya raba kan garin baƙaƙen fata a gaɓar tekun Amurka

A Jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Atlantic Beach. Tituna huɗu ne ke gangarawa zuwa bakin ruwa, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa ba su kai 200 ba. Amma yana cikin 'yan wuraren da suka rage a gaɓar tekun ƙasar inda mulki da akasarin filaye ke hannun baƙaƙen fata. A 2023 rikici ya ɓarke a garin kan shirin wani kamfani na gina bene mai hawa 21, mai ɗauke da otal da gidajen sayarwa, daf da teku.

Wariyar launin fata ce ta haifi garin. A 1934, lokacin da aka haramta wa baƙar fata yin wanka a gaɓar da Turawa ke shaƙatawa, wani ɗan kasuwa baƙar fata mai suna George Tyson ya sayi eka 47 a wurin. Likitoci da malamai da masu aikin gidajen Turawa suka mallaki filaye, aka buɗe otal-otal da gidajen abinci. Manyan mawaƙa irin su Ray Charles da James Brown kan yi wasa a birnin Myrtle Beach da ke kusa, sannan su zo nan su kwana, domin can ba a ba su masauki. Har kirari aka yi wa garin da Baƙin Lu'ulu'u.

Abin mamaki, 'yanci ne ya karya kasuwarsa. Bayan dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta buɗe sauran wuraren shaƙatawa ga kowa, baƙi suka watse, otal-otal suka mutu. Duk da haka, garin ya kafa majalisarsa a 1966, kuma a 1968 ya ƙi shiga haɗakar da ta samar da birnin North Myrtle Beach, wanda yanzu ya kewaye shi ta tudu. Har yau titin bakin teku a toshe yake a iyakokin garin biyu.

Masu goyon bayan benen suna da hujja mai nauyi. Garin da ba shi da kuɗin shiga ba zai gyara titi ko biyan ma'aikata ba, kuma sun gaji da kallon maƙwabta na kwasar kuɗin masu yawon buɗe ido su kuwa filayensu na zaune fayau. Masu adawa sun kafa ƙungiya sun garzaya kotu, suna dogaro da sharuɗɗan da ke cikin tsofaffin takardun filayen, waɗanda suka ce sun keɓe wurin domin gidajen zama kawai.

Sai dai abin da ya fi tsayin bene tsoratarwa shi ne haraji. A Amurka gwargwadon darajar gida ake biyan harajinsa duk shekara. A wannan jiha ana lissafinsa ne a kan kashi 4 cikin 100 na darajar gidan da mai shi ke zaune a ciki, kashi 6 kuma ga wanda ba shi ne mazaunin mai shi ba, kamar gidajen hutu na gado. Idan bene ya ɗaga farashin ƙasa, magadan da ba su da ƙarfi sai su sayar ba tare da kowa ya kore su ba. Haka ya faru a tsibirin Hilton Head na wannan jiha: bayan gina gada a 1956, al'ummar Gullah, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, sun rasa mafi yawan ƙasarsu ga masu wuraren shaƙatawa. A ganina, wannan tarihi ya fi duk wani alƙawarin ayyukan yi ƙarfi.

Da yake majalisar garin ce ke da ikon amincewa da gini, batun ya koma na akwatin zaɓe. Zaɓen magajin gari na Nuwamba 2023 ya zama tamkar ƙuri'ar raba gardama kan benen. Tazarar 'yan takarar ba ta taka kara ta karya ba, aka yi ta jayayya kan waɗanne masu zaɓe ne mazauna garin na haƙiƙa, har maganar ta kai gaban alƙalai.