Sabuwar kwamfuta, ga rezo cike, amma shafi ya ƙi buɗewa: ina matsalar take?

Labari ne da ake yawan jin irinsa a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Yaro ya samu BAC, yayansa da ke ci-rani a Faransa ko Beljiyam ya matse aljihu ya aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannun wani mai zuwa gida. An buɗe jaka, an yi barka, an haɗa ta da intanet ɗin talho. Alamar Wi-Fi ta cika a ƙasan allo. Sai aka buɗe Chrome don cike takardun neman gurbin karatu, shafin ya tsaya fari fat, ko kuma gargaɗi ya fito da Faransanci: « Votre connexion n'est pas privée ». Ga ranar rufe rajista tana matsowa.

Daga nan sai zargi ya shiga. Ƙane yana ganin an aiko masa da ruɓaɓɓiya, yaya yana ganin ko mai shago ya cuce shi, ko kuma ƙanen ne ya taɓa abin da bai sani ba. Idan an kai ta wurin mai gyara, sau da yawa magani ɗaya ake fara kawowa: a goge komai a sake zuba Windows. Mutum ya biya 'yan jakunkuna, ya rasa Windows ta gaskiya da ta zo da na'urar, a saka masa ta bogi, kuma wani lokacin ya koma gida ya tarar da shafin yana nan a rufe. A mafi yawan irin waɗannan lokuta kwamfutar lafiyarta lau. Abin da ya tare hanya ƙarami ne, kuma rubutun da ke kan allon ya riga ya faɗi inda yake.

Tambayar farko ba ta buƙatar taɓa kwamfutar ma. A buɗe shafin nan da ya ƙi a cikin talho, da intanet ɗin da kwamfutar ke amfani da shi. Idan a talhon ma bai buɗe ba, to laifin yana waje. Wataƙila shafin ne ya faɗi saboda cunkoso, abin da ke faruwa da shafukan rajista a ranakun ƙarshe, kuma lambobi irin su 503 ko 504 ke nuna hakan. Wataƙila kuma matsalar ta fi ƙarfin gari gaba ɗaya. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta yana biyowa ne ta wayoyin ƙasashe maƙwabta irin su Benin kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a tekun Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahalar intanet. Wanda ya kunna sabuwar kwamfutarsa a ranar, babu abin da zai danna ya gyara masa.

Sai kuma maganar forfe. Kamfanonin waya na sayar da wasu ƙunshin intanet da aka keɓe wa WhatsApp, Facebook da makamantansu kawai. Talho yana aiki, saƙonni suna shigowa, mutum ya rantse yana da intanet, amma kwamfutar da ya raba wa ba za ta buɗe shafin jami'a ba. Haka nan a wuraren sayar da Wi-Fi da tikiti, sai an shiga shafin da ake rubuta lambar tikitin kafin hanya ta buɗe, kuma shafin ba kullum yake fitowa da kansa ba.

Akwai wani ɓarawon da ba a gani: Windows kanta. Kwamfutar da aka kunna karo na farko, ko wadda ta jima a ajiye, tana fara sauko da sabbin gyare-gyarenta a ɓoye, kuma suna iya kai giga da dama. Yayin da take wannan aiki shafuka suna rarrafe, forfe na sati ya ƙare cikin dare ɗaya. A cikin « Paramètres », ɓangaren « Réseau et Internet », idan an shiga bayanan Wi-Fi ɗin da ake kai, akwai maɓallin « Connexion limitée ». Kunna shi yana sa Windows ta rage ci. Gyare-gyaren suna da amfani, amma a bar su sai an samu Wi-Fi marar ƙidaya.

Agogon da ya koma baya

Idan shafin ya buɗe a talho ya ƙi a kwamfuta, wurin da ya kamata ido ya fara sauka shi ne kusurwar allo ta ƙasa a hannun dama, inda kwanan wata yake. Mutane da yawa na raina wannan, alhali shi ne ya fi yawan jawo gargaɗin nan mai tayar da hankali, musamman idan a ƙarƙashinsa an rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID.

Dalilin shi ne, kowane shafi mai adireshin da ya fara da https yana nuna wa kwamfuta wata takardar shaida da ke tabbatar da cewa shi ne na gaskiya. Takardar tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kamar fasfo. Waɗanda Let's Encrypt ke bayarwa, da miliyoyin shafuka ke amfani da su, kwana 90 suke yi a sabunta su. Kwamfuta kuwa da agogonta take auna su. Idan agogon ya ce yau shekarar 2016 ce, to a wurinta duk takardun duniya ba su fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi kowa. Ba sai kuskuren ya kai shekaru ba, 'yan makonni sun isa su rufe shafin da aka sabunta wa takarda kwanan nan. Manyan shafuka irin su Google da Facebook ba sa ma ba mutum zaɓin ya ƙetare gargaɗin.

Me ke mayar da agogo baya? Abin da ake kira sabuwa a kasuwanninmu, sau da yawa sabuwa ce a hannun mai saye kawai. Ta yi shekaru a wani ofis na Turai ko Amurka, ta yi watanni a kwantena da shago. A cikin yawancinsu akwai ƙaramin batir mai kamar kwabo, irin CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. Idan ya mutu, lokaci ya ɓace. Gyaran yana cikin « Heure et langue », sai « Date et heure »: a kunna saita lokaci kai-tsaye, a danna « Synchroniser maintenant », a zaɓi yankin « Afrique centrale - Ouest », wato UTC+1, lokacin Nijar da Najeriya. Idan kwanan ya yi nisa sosai, gara a fara gyara shi da hannu. Idan kuma kullum aka kashe aka kunna sai ya sake ɓacewa, batirin nan ne ke neman canji, kuma wannan aiki ne na mai gyara na gaskiya, marar tsada.

Idan agogo daidai yake amma gargaɗin bai tafi ba, a dubi shekarun Windows ɗin. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ya tsaya a kanta a lamba 109 a farkon 2023. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, tsofaffin na'urorin da ba a sabunta ba suka wayi gari suna ƙin shafuka masu yawa. Abin haushi, irin wannan Windows ɗin da aka datse wa hanyar sabuntawa ita ce wasu masu gyara ke zubawa da sunan magani. Firefox yana tafe da nasa kundin takardun shaida, don haka gwada shi yana taimakawa a gane ko nan matsalar take.

Abu ɗaya da bai kamata a saba da shi ba shi ne danna « Continuer » a ƙetare gargaɗin, balle a shafin banki, na imel ko na aika kuɗi. Wata rana agogo ne, wata rana kuma wani ne ya tsaya tsakanin mutum da shafin yana karanta abin da yake rubutawa.

Kayan tsohon mai gida

Kwamfutar da ta fito daga kamfani takan zo da saura. Mafi shahara shi ne proxy, wato wata ƙofa da kamfanin ya tilasta duk zirga-zirgar intanet ta bi ta cikinta. Na'urar tana Zinder amma tana neman ƙofar wani ofis a Lyon, ba ta same ta ba, sai ta rubuta ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. A « Réseau et Internet », ɓangaren « Proxy », a kashe wanda aka saka da hannu. Idan Chrome yana cewa wata ƙungiya ce ke tafiyar da shi, ko Windows tana neman a shiga da adireshin ma'aikacin wani kamfani, to tsohon mai ita bai sake ta ba. Wannan kam a mayar wa mai shago tun da zafi.

Ita ma fil a kwali tana da nata. Takan zo da rigakafin ƙwayoyin cuta na gwaji irin su McAfee ko Norton, wanda ke binciken shafuka, kuma wani lokacin ya tare na ƙwarai. Idan mutum ya ƙara wani a kai, biyun su yi ta karo. Windows 10 da 11 suna da nasu mai tsaro, Defender, wanda ya wadatar da yawancin masu amfani. VPN na kyauta da matasa ke son sakawa shi ma yakan bar hanya a toshe ko bayan an rufe shi. A cire, a sake kunna na'ura, a gwada.

Saƙon DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN yana nufin kwamfuta ta tambayi inda sunan shafin yake, ba a samo shi ba. DNS shi ne littafin da ke juya suna zuwa lambar adireshi. Ana iya canza shi zuwa na Google, 8.8.8.8, ko na Cloudflare, 1.1.1.1, a kuma share tsohon abin da na'ura ta haddace da umarnin ipconfig /flushdns. Amma kafin a je nan, a karanta abin da aka rubuta a sama da kyau, domin akwai tarkon da ya keɓanta da mu. 'Yan Nijar sun saba da madannan Faransanci, AZERTY, kwamfutocin da ke shigowa daga Kano, Dubai ko Amurka kuwa QWERTY ne. Idan aka saka Windows ta Faransanci a kan irinsu, mutum ya danna A sai Q ta fito, ya danna W sai Z, ya danna M sai waƙafi. « www » ya zama « zzz », « com » ya rasa wutsiyarsa. Kalmar sirrin Wi-Fi, da ba a ganin haruffanta, nan take shan kashi. Idan an saka tsarin madannai biyu, maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauya su.

Ga 'yan uwa da ke waje, rabin wannan wahala ana iya kashe ta kafin kwamfutar ta hau jirgi. A kunna ta can inda intanet ba shi da ƙidaya, a bar ta ta gama sauko da duk gyare-gyarenta, a saka Chrome da Firefox, a cire rigakafin gwaji, a tabbatar babu sunan wani kamfani a ciki. A kashe ta kwana biyu a sake kunnawa, a ga ko agogon ya riƙe. Sannan a tambayi mai sayarwa ko tana ɗaukar Windows 11, domin wa'adin kulawar da Microsoft ke ba Windows 10 kyauta ga kowa ya tsaya a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a jerin da kamfanin ya fitar, yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8 ba sa ciki.