Dogon Hutu Ya Faɗo Cikin Damina, Me Za Mu Yi Da Shi?

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanan nan ina ta cin karo da bidiyoyi daga Turai da Amurka, ana koya wa mutane yadda za su yi hutunsu ba tare da sun cutar da muhalli ba. Wai kar ka hau jirgin sama, ka hau na ƙasa, kar ka bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne a otal. Wallahi sai da na yi dariya. Ni da nake zaune a Limawa, iyakar hutuna in shiga mota zuwa Kiyawa gaida kakata, wane jirgi zan fasa hawa? Ga shi kuma Afirka gaba ɗayanta, hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma fa wahalar ba ta tsallake mu ba.

Su can suna hutu ne lokacin zafinsu. Mu kuwa makarantu suna rufewa wajen ƙarshen Yuli, a koma a Satumba. Wato dogon hutunmu tsakiyar damina yake faɗowa, daidai lokacin da ambaliya take zuwa, kuma daidai lokacin da ƙasa take karɓar dashe. Wannan shi ne zancena na yau.

Duk ɗan Jigawa ya tuna 2022, yadda ruwa ya cinye gonaki da gidaje a Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa har zuwa Hadeja. A 2024 ma an sake gani. Ba zan yaudare ku in ce ledar da kuka yar ce ta tumbatsa kogin Hadeja ba. Wancan lamari ne na ruwan sama mai ƙarfi, da ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, da ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin kogi. Aikin gwamnati ne, kuma dole mu ci gaba da matsa mata. Amma ruwan da ke shiga ɗakunanmu a cikin garin Dutse bayan an yi awa guda ana zuba, je ka leƙa kwatar unguwarku. Ledar fiya wata ce, da baƙar leda, da robar lemo. Ruwa ya gangaro daga duwatsu da gudu, ya tarar an toshe masa hanya, ina kake so ya bi?

Mu ne fa muke hawa duwatsun nan shan iska da yamma, mu ɗauki hotuna, mu sauko mu bar musu tarkace. Ba na ce a daina zuwa ba, ni ma ina zuwa. Ku zuba ruwa a gora daga gida, abinci a kula, ku riƙa buhu ɗaya. Abin da ya hau da ku ya sauko da ku. Kar kuma a ce za a ƙona, hayaƙin leda guba ne ga ƙirji.

Sai batun bishiya, inda nake so mu ɗan jima. Shekaru uku da suka wuce ni da abokaina mun dasa guda 40 a harabar wata makaranta. Mun sa riguna iri ɗaya, mun watsa hotuna a Facebook, an yi ta yi mana Allah ya saka. Da na koma a watan Maris, shida na samu da rai. Awaki sun cinye wasu, rani ya ƙarasa sauran. Na ji kunya ƙwarai, don a lokacin na gane hoto muka je dasawa.

Abin da na koya shi ne, dashe na kwana ɗaya ne, reno kuwa na shekara biyu. Ka dasa tun farkon hutu, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Ka haƙa rami mai zurfi, ka gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe, ka yage ledar da dashen ya zo a ciki. Ka kewaye shi da ƙaya ko bulo a ranar, ba gobe ba, akuya ba ta san gobe ba. Sannan kowace bishiya ta samu mai ita, mutum ɗaya da za a tambaya idan ta mutu. Wadda ta fi yi mana kyau ita ce ta bakin masallaci, ruwan alwala kawai aka karkata mata. Darbejiya tana jure fari, zogale na ba da miya cikin 'yan watanni, dabino kuwa da shi aka san Dutse, sai dai yana son haƙuri.

Ga waɗanda za su yi hutun a gona kuma, akwai abin da ya fi dashe sauƙi. A yankin Maradi, tun shekarun 1980, manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Suna ce masa sassaben zamani, kuma da shi miliyoyin bishiyoyi suka dawo a gonakin Nijar ba tare da an sayi dashe ba. Idan ka ga tohon gawo a gonar Baba, roƙe shi ya bari. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Mu dai ranar Asabar bayan sallar asuba za mu fito yashe kwatar layinmu. Shebur biyu gare mu da baro ɗaya na aro, mai ƙari ya taho da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.