Ruwa na Tarayya, Majinyaci na Ƙaramar Hukuma: Nazari kan Lafiya da Zaman Iyali a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas a sauran wurare, kafin ya ci kilomita 30 zai ga duniya ta sake kama. Daga Ƙarfi zuwa Kura har Kadawa kore ne shar, ga shinkafa, ga alkama, ga albasa da tumatir, ruwa na tafiya a kanal ba dare ba rana. Haka abin yake in mutum ya ratse ta hanyar Rano ya nufi Bunkure. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da shi. Hekta dubu 22 aka tsara wa kashin farko na aikin noman ranin. A shekarar 1976 ɗin dai aka yi garambawul ɗin da ya haifar da ƙananan hukumomi irin na yau. Kenan noman ranin Kura da ƙaramar hukuma kusan sa'o'in juna ne, amma cikin shekaru kusan 50 ba a taɓa zaunar da su an raba musu aiki kan lafiyar mutanen da ke rayuwa a bakin ruwan ba.

Adalci shi ne a fara da abin da aka cimma, domin akwai shi. Babba a ciki shi ne rigakafi. A 2003 Kano ta dakatar da allurar shan-inna saboda zargin da ya bazu a kanta, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta yi ta nakasa yara har ta tsallaka ƙasashen waje. Shekara 10 bayan haka, a watan Yulin 2014, aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji ta kama a jihar, a ƙaramar hukumar Sumaila, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Kuɗin daga sama ya zo, daga Abuja da ƙasashen waje da yarjejeniyar da gwamnatin Kano ta ƙulla da gidauniyoyin Ɗangote da Bill Gates a 2012. Amma ƙafar da ta taka har ƙofar gida ta ƙaramar hukuma ce. Jami'in rigakafi ne ya zana taswirar kowace mazaɓa, mai unguwa ya shiga gaban tawaga, in maigida ya ƙi a kai magana gaban dagaci, in ta gagara a kai wa hakimi. Kowace yamma a zauna a sakatariya a ƙirga gidajen da aka shiga da waɗanda aka tarar a rufe. Matan da ke bi gida-gida suna wayar da kai 'yan unguwar ne, an san iyayensu, shi ya sa aka buɗe musu ƙofa.

Daga wannan aiki wasu alherai suka tsiro. Akwatin sanyi mai aiki da hasken rana ya shiga asibitocin mazaɓu. Ranar awo ta zama sananniyar rana a ƙauyuka, ungozoma ta koyi alamomin da in ta gani za ta ce a nemo mota. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya da kuɗi ke shiga asusunsa kai tsaye, kwamitin ci gaban mazaɓa na sa ido. Duk inda kwamitin nan yake da rai, ana ganin bambanci a rufin ɗaki da kantar magani.

Abin lura a nan shi ne dalilin nasarar. An ba ƙaramar hukuma aiki guda ɗaya sananne, an ba ta kuɗinsa, an sa mata rana, kuma akwai mai zuwa ya tambaya. Da aka sassauta tambaya sai ɓaraka ta fito. Annobar mashaƙo da ta tashi a ƙarshen 2022 ta fi yin ɓarna a Kano fiye da kowace jiha, alhali cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke karewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ma ya nuna kusan haihuwa 1 ce kacal cikin 5 ake yi a asibiti a jihar, kuma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Wannan ƙididdiga ta jiha ce gaba ɗaya, amma tana da ciwo ta musamman a yankin da ke loda wa manyan motoci abinci zuwa Legas.

Yanzu a zo bakin kanal, inda ainihin maganar take. Na tsaya wata rana da azahar a kan wata 'yar gada a yankin. Yara maza wajen goma sun tuɓe suna tsalle cikin ruwa, wata yarinya na wanke-wanke a ƙasa da su, wani saurayi na wanke babur. Can gefe wani magidanci ya sauke tankin feshi daga bayansa, ya ɗauraye shi, ya tuttular da ɗaurayen cikin ruwan, ya wanke hannu da fuska, ya buɗe ƙullin abincinsa. Babu safar hannu, babu abin rufe hanci. A jikin simintin, inda gansakuka ta kama, ga ƙananan dodon-koɗi manne birjik. Babu wanda ya yi laifi da gangan a cikinsu. Ruwan da ke kusa kenan, kuma shi ne ba a saye.

Waɗannan dodon-koɗi su ne masaukin tsargiya. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon-koɗi, ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ruwa mai tafiya a hankali da ciyawa a gefe shi ne abin da suke so, ƙananan magudanan cikin gona kuwa haka suke. Har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji abu ne da zai wuce da kansa, ko a ce zafin rana ne. Ba ya wucewa haka kawai. Yana shanye jini, ya dakushe karatu, in ya daɗe ya taɓa mafitsara da ƙoda, a wurin mata kuma ya taɓa mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Ana raba maganin tsargiya a makarantu, kuma maganin na aiki, sai dai tsutsar da ke jiki yake kashewa, ba ya hana sabon kamu. Yaron da ya sha yau, jibi yana cikin kanal. Wanda ba ya zuwa makaranta, almajiri ko ɗan ƙwadago ko ɗan makiyayi, shi ya fi kowa daɗewa a ruwa, shi ne kuma rabon ya fi tsallakewa.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi nuna inda tsarin ya karkace. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, an gina shi ne kan lissafin ƙasar Sahel, wato sauro na damina ne. Ana farawa wajen Yuli a yi wata huɗu a tsaya. Lissafin daidai yake a Ɗambatta ko Kunci. A Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, ana gama damina ake sakin ruwa a kwamin shinkafa, sauro ya ci gaba da hayayyafa har bazara. Jadawalin lafiya na bin ruwan sama, mutanen kuwa da ruwan Tiga suke rayuwa. A ganina wannan shi ne kuskure mafi girma a duk lamarin, kuma ba wanda ya fi cancanta ya ɗaga murya a kansa kamar shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi uku, tun da rajistar asibitocinsu na hannunsu, wata bayan wata.

Me ya hana? Amsar na cikin yadda aka rarraba iko. Ruwa da kanal na gwamnatin tarayya ne. Babban asibitin Kura na jiha ne. Tun 2012 da aka kafa hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha, ragamar ɗaukar ma'aikaci da canja masa wuri ta koma Kano, duk da cewa kason ƙananan hukumomi ne ke ɗauke da nauyin albashi mai yawa. Haɗe aikin wuri guda ya gyara abubuwa, ba a musu, domin ya rage ɗaukar wanda bai cancanta ba. Amma ya bar ciyaman da kansila a tsakiya, jama'a na zuwa musu da kuka, su kuma hannunsu bai kai ba. Kundin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshi da kwashe shara da hannu a harkar lafiya, sannan sashe na 162 ya sa kuɗinta ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Da shirin TRIMING ya zo da rancen Bankin Duniya na kusan dala miliyan 500 da aka amince da shi a 2014, an gyara kanal, an daidaita gonaki, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Aikin injiniya ne da noma, kuma ya amfani manomi. Sai dai duk hektar da aka ƙara wa ruwa, an ƙara wa sauro da dodon-koɗi gida, ɗawainiyar kuma ta faɗo kan sha-ka-tafin da ke da ma'aikaci ɗaya ko biyu.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A Jazira ta ƙasar Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna suna aikin auduga tun bayan gina madatsar Sennar a 1925, zazzaɓi da tsargiya sun addabi mutane har aka kafa shiri na musamman a 1979 wanda ya haɗa masu ruwa da masu lafiya a tebur ɗaya: yashe magudanai, kashe dodon-koɗi, ruwan sha mai tsabta, magani. Cututtukan suka ja baya sosai. Da kuɗin waje ya ƙare bayan shekara 10, zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Abin da shirin ya rasa shi ne hukumar gida da za ta riƙe shi da kuɗinta.

Ta fuskar tsaro da zaman iyali, aikin da ya fi tasiri shi ne wanda ba a kafa masa allo. Noman rani ya cinye burtali da makiyaya a wurare da dama, gona ba ta hutawa balle a saki dabba ta ci kara, don haka ɓarna da sa-in-sa ba sa ƙarewa. Ga satar injin ban-ruwa, ga rigimar wanda ke kan ruwa da wanda ke wutsiya, ga jinginar gona da rabon gado a wurin da taƙi ɗaya ke da daraja. Mafi yawan waɗannan a zauren dagaci suke mutuwa, ko gaban hakimi, ko ofishin Hisba da dokar 2003 ta kafa, kafin su kai ga 'yan sanda. 'Yan sintiri na kwana a gona da tocila da gora kan ɗan abin da aka tara musu. Wannan nasara ce ta gaske, ko da yake rabinta sadaukarwar mutane ce, ba kasafin kuɗi ba.

Inda aka bar baya shi ne baƙi da mata. Ƙidayar 2006 ta ba Kura mutum sama da dubu 140, Bunkure kimanin dubu 170, amma lokacin kakar tumatir dubban 'yan ci-rani ke sauka, kasuwar Kwanar Gafan ta cika maƙil da 'yan gwari da direbobi da masu abinci. Ba sa cikin lissafin magani, ba sa cikin lissafin makewayi, kuma inda taro ya yi yawa ba ruwa mai kyau, amai da gudawa ba ya nisa. Matan da ke turara shinkafa, waɗanda su ne ƙashin bayan sunan da shinkafar Kura ta yi, suna yini gaban tukunya cikin hayaƙi, goyo a baya. Yaran da ya kamata a ce suna aji suna tsinkar tumatir ko talla a bakin titin da manyan motoci ke gudu. Jihar ta sami dokar kare yara a 2023 da dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma doka sai da mai bin ta, ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma kuwa sau da yawa tebur ne da kujera ba abin hawa.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a watan Oktoban shekarar kuma aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Kano. Ban ɗauka kuɗi kaɗai zai gyara ba, domin ginin asibiti ya fi saurin jawo tafi a kan albashin duba-gari, kuma ɗan siyasa ya san haka. Amma abubuwan da yankin ke buƙata ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Rijiyar burtsatse da wurin wanki a garuruwan bakin kanal za su rage shiga ruwa fiye da kowace huɗuba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun riga sun san kowane manomi da gonarsa, don haka ranar yashe magudanai za ta iya zama ranar rabon maganin tsargiya ga manya da yaran da ba sa makaranta, da koya wa masu feshi yadda za su kare kansu da inda za su zubar da ɗauraye. Kasuwar da ake karɓar haraji a cikinta ta cancanci makewayi da famfo daga harajin.

Ina kira ga shugabannin Kura da Bunkure da Garun Malam su haɗa rajistar zazzaɓi ta asibitocinsu daga Janairu zuwa Mayu, su ɗauka tare su kai wa ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, su nemi a tsara wa yankin jadawalin rigakafi na kansa kafin a saki ruwan rani mai zuwa.