Gyaran Tsohuwar Kwamfuta

Idan ka samu tsohuwar kwamfuta, irin Commodore 64 da aka fara sayarwa a 1982, kada ka yi gaggawar haɗa ta da lantarki. Da farko, karanta rubutun da ke jikin na'urar da ke ba ta wuta. Wadda aka ƙera domin Amurka bolt 120 take ɗauka, wutar Najeriya kuwa bolt 230 ce. Kana haɗawa, sai ta ƙone.

Bayan haka, kwance ta a hankali, ka share ƙurar hunturun Jalingo da buroshi mai laushi. Idan ka ga tsatsa, ko wani sashe ya kumbura, kai ta wurin mai gyaran rediyo. Kayan gyaranta suna da wuyar samu, saboda haka ka bi ta sannu.