Kallon Wasan Kwaikwayo A Landan Ba Sai Da Ƙaton Aljihu Ba

Da yawa daga cikin ma'aikata da malamanmu da ke zuwa Landan taro ko ƙaro ilmi, sukan ƙare zamansu tsakanin masauki da kantunan titin Oxford. Idan aka tambaye su ko sun leƙa gidajen wasan kwaikwayo na West End, sai su ce tsada ta hana. Uzurin yana da tushe, domin kujera mai kyau a shahararren wasa takan haura fam 100, kuma kowa ya san yadda naira take a gaban fam. Sai dai da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan garin ba kasafai suke biyan wannan kuɗi ba.

Dalilin rangwamen a fili yake. Kujerar da aka fara wasa ba kowa a kanta ta zama asara, ba kamar shadda ba ce da za a mayar kanta a sayar gobe. Saboda haka masu gidajen wasa sun gwammace su karya farashi da su tashi a tutar babu.

Hanya ta farko ita ce rumfar TKTS da ke dandalin Leicester Square, wadda ƙungiyar gidajen wasan kwaikwayo ta Landan ta buɗe a 1980, shekara bakwai bayan takwararta ta New York. A nan ake sayar da tikitin wasannin ranar a kan rahusa, wani lokaci har rabin kuɗi. Amma a yi hattara: kewayen dandalin akwai shagunan dillalai masu allunan "rabin farashi" waɗanda ba su da alaƙa da rumfar. Kafin ka miƙa kuɗi, ka nemi sanin farashin asali na tikitin da ladan da aka ɗora a kai. Masu tallar tikiti a bakin ƙofar gidan wasa kuwa, nesa da su ya fi.

Hanya ta biyu tana cikin wayarka. Manhajoji irin su TodayTix sukan saki tikiti masu araha da safiyar ranar wasa, wanda ya riga ya samu. Wasu wasannin kuma ƙuri'a ake jefawa, kamar Hamilton da ya zo Landan a 2017.

Ta uku ita ce gidajen da suka mayar da araha manufa. Shakespeare's Globe, wanda aka buɗe a 1997 a gaɓar kogin Thames, yana ɗaukar 'yan tsaye kimanin 700 a filin da ke gaban dandamali, kuma a da an shafe shekara da shekaru ana biyan fam 5 kuɗin tsayuwar. Sharaɗin dai babu rufi, ba a kuma yarda da lema ba. Shi ma National Theatre ya fito da tsarin tikitin fam 10 a 2003, kuma a can ne aka nuna Death and the King's Horseman na Wole Soyinka a 2009, da Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, a 2017. Ke nan baƙo daga gida ba zai rasa abin da ya shafe shi ba.

Haka nan kuma, wasan tsakiyar mako ya fi na daren Asabar sauƙi. Mai tafiya da iyali lokacin bazararsu ya nemi shirin Kids Week, inda yaro kan shiga kyauta tare da babban da ya biya cikakken kuɗi. Sai dai araha ba ta ado: tikitin da aka rubuta cewa ba a ganin dandamali sosai, yana iya ajiye ka bayan ginshiƙi. Ka duba taswirar kujeru tukuna.

Abin lura a nan ya wuce batun rage kashe kuɗi. Birnin da ya riƙe wasa guda, wato The Mousetrap na Agatha Christie, tun 1952, ya gane cewa ɗalibin da ya shiga da fam kaɗan yau, shi ne zai sayi kujerar gaba nan da shekara ashirin. Masu fafutukar farfaɗo da wasan daɓe a jami'o'inmu da cibiyoyin al'adu na jihohi suna da darasi a nan. Wanda ya samu zuwa, ya ware dare ɗaya ya gane wa idonsa, domin gani ya kori ji.