GUDUMMAWA DA GAYYA: Yadda Taimakon Kiwon Lafiya Ke Isa Ga Talaka A Ƙasar Suleja

Wanda duk ya biyo hanyar Kaduna da sassafe, in ya iso Madalla a gindin Dutsen Zuma, zai iske motoci cike da ma'aikata da leburori da 'yan tireda sun nufi Abuja. Da yamma kuma su komo. A can suke neman abinci, amma a Suleja suke kwana, a nan matansu ke haihuwa, a nan 'ya'yansu ke zazzaɓi.

Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a shekarar 1828. Da Gwamnatin Tarayya ta zaɓi wurin sabon babban birnin ƙasa a 1976, sai garin ya ba da sunansa da wani yanki na ƙasarsa, aka sa masa Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin baƙi ke kwararowa, balle bayan da Gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991 kuɗin haya ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Suleja sun haura 200,000. Unguwanni sun yi ta tsirowa a Maje da Kwamba da Madalla tun kafin famfo da magudanar ruwa da ɗakin shan magani su iske su. Babban Asibitin Suleja kuwa ba mutanen gari kaɗai yake ɗauka ba, har da na ƙauyukan Tafa da Gurara.

A irin wannan hali ne ake jin labarin masu ba da gudummawa, na gida da na ƙasashen waje. Ya kamata jama'a su fahimci mene ne wannan gudummawa, ta wace hanya take shigowa, da kuma abin da ke kan mutanen unguwa game da ita.

Abin da ake nufi da adalci wajen kiwon lafiya

Ba wai a raba wa kowa ƙwayar magani daidai wa daida ba ne. Abin nufi shi ne kada wurin zaman mutum ko abin hannunsa su zama su ne za su yanke ko ɗansa zai rayu ko ba zai rayu ba. Yaron da aka haifa kusa da fadar Sarki da wanda aka haifa a ruga a bayan Kogin Gurara duk sauro ɗaya ke cizonsu, amma na biyun sai an goyo shi a babur an yi tafiya mai nisa, sau da yawa kuma sai ciwon ya ci jiki. Saboda haka wanda ya fi nisa da wanda ya fi rashi su ne ya wajaba a fara dubawa.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. An tsai da ita a taron Alma-Ata na 1978, Nijeriya kuma ta riƙe ta sosai a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya yi Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Shi ne ya dage a kan cewa tushen lafiya yana ƙaramin asibitin ƙauye, kuma dole mutanen ƙauyen su sami bakin magana a kan yadda ake gudanar da shi.

Abin da aka koya daga kurkunu da shan-inna

Dattawa ba su manta da kurkunu ba, yadda yakan kwantar da magidanci daidai lokacin shuka. A binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da shi a Nijeriya. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Cibiyar Carter ta Amurka ta kawo kuɗi da ƙyallen tace ruwa, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi a haƙa rijiyoyi, amma waɗanda suka yi ainihin aikin su ne 'yan sa-kai na ƙauye, masu bi gida gida suna ƙidaya marasa lafiya, suna hana mai kurkunu tsoma ƙafa cikin tafki. An ga mutum na ƙarshe mai cutar a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an rabu da ita.

Labarin shan-inna ya fi wannan ɗaci, ya kuma fi shi darasi. Ƙungiyar Rotary ta soma tara kuɗin yaƙi da cutar tun 1985, daga baya Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba dukiya mai yawa. Duk da haka a 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin a Kano da waɗansu jihohi, cutar ta bazu har zuwa ƙasashe da dama. Kuɗi na nan, magani na nan, yarda ce babu. Iyaye ma suna da tambayar da ta cancanci amsa: don me ake biyo mu har gida da ɗigon shan-inna kyauta, alhali in yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓi sai mun saya? Al'amarin bai miƙe ba sai da sarakuna suka kafa kwamitinsu a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, aka kuma riƙa haɗa ɗigon da duba sauran cututtukan yara. An ga shan-innar asali ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016, aka shaida Afirka ta kuɓuta daga gare ta ran 25 ga Agusta, 2020. Wani nau'in ƙwayar cutar yakan ɓulla inda yara ba su sami rigakafi sosai ba, shi ya sa ba a daina ɗigon ba.

A Kano ne kuma aka gwada wata dabara da ta dace a sani. A ƙarshen 2012 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Ɗangote a kan allurar rigakafin yara. Aka buɗe asusu guda, kowa ya zuba nasa, da sharaɗin kowace shekara kason jiha ya ƙaru, na masu gudummawa ya ragu, har jiha ta ɗauki nauyin duka. Watau tun ranar ɗaurin aure aka yi maganar yaye.

Abin da ya iso Jihar Neja

Daga 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, da kuɗin da ƙasar Kanada ta bayar, ta gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomi shida na Jihar Neja, cikinsu har da Paikoro da Lapai, ta hannun ƙungiyar Malaria Consortium. Ƙauyen da ke nesa da asibiti shi ke zaɓen mutum daga cikinsa. A koya masa gane zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu a jikin yaran da ba su kai shekara 5 ba, a ba shi akwatin magani, a kuma gargaɗe shi ya tura duk wanda ciwonsa ya yi tsanani asibiti ba da ɓata lokaci ba. Uwa ta sami wanda za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Sai dai wannan mutum manomi ne, ba shi da albashi. In mutanen gari ba su yi masa gayya a gonarsa ba, in kuma hukuma ba ta ci gaba da cika akwatin ba bayan shirin ya ƙare, to, ba da daɗewa ba zai rataye jakar ya koma bakin fartanyarsa.

Babban abin da ya fi shafar Suleja shi ne Asusun Kula da Lafiya Matakin Farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan asusu, ta kuma buɗe ƙofa ga masu gudummawa su ƙara. An fara sa kuɗin a kasafin 2018. Jihohi uku aka zaɓa don gwaji, Abiya da Neja da Osun, da tallafin dala miliyan 20 da ya biyo ta hannun Bankin Duniya. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai, Jihar Neja kuwa mazaɓu 274 gare ta. Wani kaso yana biya wa marasa ƙarfi, musamman mata masu ciki da ƙananan yara, kuɗin magani ta hanyar inshora. Wani kason kuma yana shiga asusun banki na asibitin kai tsaye, don sayen magani da gyaran rufi da famfo da makamantansu.

Nauyin da ke kan kwamitin mazaɓa

Ga inda jama'a suka shigo. Bisa ga tsarin asusun, shugaban asibiti ba ya fid da kuɗi shi kaɗai, sai shugaban Kwamitin Raya Mazaɓa ya sa hannu tare da shi. Wannan kwamiti na mutanen unguwa ne: wakilin mai unguwa, malaman addini, mata, matasa, masu sana'a. A gari irin Suleja, inda Bahaushe da Gbagyi da Koro da Bafillace da Ibo da Bayarabe ke layi ɗaya a ɗakin awo, kwamitin da ya zama na 'yan asalin gari kaɗai, ko na maza kaɗai, ya riga ya bar rabin masu haƙƙi a waje.

Ba mu rasa abin tunawa ba a nan. Bayan shawarar Bamako ta 1987 an kafa asusun magani mai juyawa a ƙananan asibitoci, a sayar da magani da rahusa a sake saro wani da kuɗin. A wurare da yawa bashi da rashin lissafi suka cinye uwar kuɗin, kantoci suka koma wayam. Ba kasafai ɓarawo daga waje ke kashe irin wannan asusu ba. Yawanci kunya ce, wadda ke hana a tambayi ɗan'uwa rasit.

Haka kuma attajiran gida. Mai hali yakan so ya gina ɗaki a rubuta sunansa a bango, Allah ya saka masa. Amma gini ba ungozoma, ba ruwa, ba firijin ajiye allura, masaukin awaki ne kawai. Da zai tuntuɓi kwamiti da sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma tukuna, watakila a ce masa abin da aka fi bukata shi ne rijiyar burtsatse, ko fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa, ko ya yi waƙafin shago guda a kasuwa kuɗin hayarsa ya riƙa sayen man motar ɗaukar masu naƙuda. Ƙungiyar direbobi ma tana da abin bayarwa ko ba ta ba da kwabo ba.

Kada kuma a ɗauka gudummawar waje gado ce. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ayyukan yaƙi da zazzaɓi da tarin fuka da ƙanjamau suka girgiza a Nijeriya, har sai da aka ƙara wa ma'aikatar lafiya kuɗi a kasafin shekarar don toshe giɓin. Saboda haka duk sa'ad da wata ƙungiya ta zo da shiri a Kurmin Sarki ko Maje ko wani ƙauye na Gurara, ya kamata kwamiti ya tambaya tun a zaman farko: shekara nawa za ku yi, wa zai biya ma'aikata in kun tafi, kuma wa zai riƙe littafin lissafi? A rubuta amsoshin, a ajiye kofe guda wurin hakimi, guda kuma a manna a allon sanarwa na asibitin tare da lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe.